Idan Bature Ya Ce "Charmed": Asiri Yake Nufi Ko Burgewa?

Shin idan mutumin Landan ya yi amfani da kalmar "charmed" a kan wani, cewa yake yi an yi masa asiri, ko kuwa cewa yake yi an burge shi? Tambayar ba ta ɗalibai kaɗai ba ce, domin mai karanta jaridun Turanci a Najeriya yakan ci karo da tushen kalmar sau biyu a rana guda da ma'anoni masu nisa da juna. A shafin labaran cikin gida zai ga 'yan sanda sun gabatar da waɗanda ake zargi da fashi, an baje bindigogi da wayoyi da "charms" a gabansu, hoton kuma ya nuna layu da guraye da ƙahonni. A shafin labaran ƙetare kuma zai ga an ce wani shugaba ya tafi Turai yin "charm offensive", alhali ba wanda ya gan shi da ko kambu ɗaya a damtse.

A cikin danginmu na ga yadda wannan ruɗani yake aiki. Wani ƙanena da ke karatu a Ingila ya kai 'yarsa mai shekara 5 wani bikin makaranta, ta rera waƙa a gaban iyaye, washegari malamarta ta aiko da 'yar takarda mai cewa "Everyone was charmed by her". Cikin murna ya ɗauki hoton takardar ya tura zauren WhatsApp na gida. Wani yaro ɗan sakandare ya riga kowa fassarawa, ya ce an rubuta cewa yarinyar ta yi wa kowa asiri. Kafin a idar da sallar isha'i gwaggonmu ta kira ni muryarta na rawa, tana cewa, "Kai ɗan nan, wane irin sharri ne wannan za a ƙulla wa jaririya a ƙasar mutane?" Na ce mata, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, yabonta aka yi, cewa aka yi ta shiga ran kowa." Ta yi shiru, sannan ta ce to me ya kawo maganar asiri cikin yabo. Amsar wannan tambaya tata tana buƙatar a koma baya shekaru masu yawa.

Asalin kalmar waƙa ce

Kalmar "charm" ba haifaffiyar Ingila ba ce. Ta shiga Turanci wajen shekarar 1300 daga tsohon Faransanci, kamar dubban kalmomin da suka biyo bayan cin Ingila da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi a 1066. Faransanci kuma ya gaje ta daga kalmar Latin "carmen", wadda ke nufin waƙa, ko baiti, ko wasu kalmomi jerarru da ake rerawa, tushenta kuma shi ne aikatau "canere", wato rerawa. A wurin Rumawa, kalma ɗaya ce ta ɗauki waƙar mawaƙi da addu'ar liman na gidan bauta da surkullen mai tsafi, domin dukkansu magana ce da aka tsara aka rera da niyyar ta yi tasiri. Tun a dokokinsu na farko da aka rubuta, waɗanda ake kira Alluna Goma Sha Biyu, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, an tanadi hukunci ga wanda ya rera muguwar waƙa a kan wani, da wanda ya yi surkulle don ya janye amfanin gonar maƙwabcinsa zuwa tasa.

Saboda haka ma'anar farko da kalmar ta zo da ita Ingila ita ce surkulle, wato kalmomin da ake furtawa. Daga baya ta ratsa zuwa abin da aka yi wa surkullen aka rataya a wuya ko aka binne a ƙofar gida, wanda shi ne daidai da layarmu. Wannan tafiya daga baki zuwa abu ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, tunda ita ma laya rubutu ce da aka naɗe aka ɗinke cikin fata. Abin sha'awa shi ne, kafin zuwan kalmar Faransa, tsoffin Turawan Ingila suna da tasu kalmar, "galdor", ita ma daga aikatau mai nufin rerawa ta fito. Akwai tsoffin rubuce-rubucensu na sama da shekara 900 da suka tsira har yau, ɗauke da surkullen hana zuma gudu daga amya da na maganin dafi da ganyaye tara.

Yadda tsafi ya koma yabo

Har zuwa ƙarni na 17, wannan kalma tana iya kai mutum ga igiyar rataya. Majalisar Ingila ta yi dokokin hana maita a 1542 da 1563 da 1604, ta ƙarshen a zamanin Sarki James na Ɗaya, wanda da kansa ya rubuta littafi kan aljanu da mayu a 1597. Dokar 1604 ta ambaci "charm" ƙarara cikin jerin abubuwan da idan aka kashe mutum ko aka nakasa shi da su hukuncin kisa ne. Wajen shekara biyu bayan haka Shakespeare ya rubuta wasan Macbeth, inda jarumin ya yi alfahari a fagen yaƙi cewa yana da "a charmed life", yana nufin an dafa shi, babu wanda mace ta haifa da zai iya kashe shi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan tauri yana goga wuƙa a cikinsa ya san irin kirarin da ake nufi. Yau Bature yana faɗin wannan magana a kan wanda ya sha tsallake haɗari, ko wanda komai ke zo masa da sauƙi, ba tare da tunanin wani boka ba. Mu za mu ce yana da nisan kwana, ko ɗan sa'a ne.

A daidai wannan zamani, daga ƙarshen ƙarni na 16 zuwa cikin na 17, mawaƙa suka fara aron kalmar don kwatanta ƙarfin kyau da murya da kallo, a kan cewa abin da mace kyakkyawa ke yi wa zuciya bai bambanta da aikin sihiri ba. Da farko kwatanci ne mai nauyi, domin masu sauraro sun yarda da sihirin kuma suna tsoronsa. Amma imanin masu mulki da malamai ya yi ta sauyawa, har a dokar 1735 majalisa ta soke hukuncin maita gaba ɗaya, ta mayar da laifin ya zama na damfara: wanda ya yi iƙirarin yana da irin wannan iko shi za a ɗaure shekara ɗaya, domin a ganin doka ƙarya yake yi. Ita ma wannan doka an soke ta a 1951.

Da tsoron ya ragu, sai kwatancin ya yi ta lalacewa da yawan amfani, kamar kuɗin ƙarfe da hannu ya shafe masa zane. A ɗakunan baƙi na masu hali a ƙarni na 18 da na 19, komai ya zama "charming": lambu, wasiƙa, hula, jariri, ƙauye. Har gaisuwa ta zama, inda idan aka gabatar da mutum ga wata mace zai ɗan rusuna ya ce "Charmed", wato na ji daɗin saninki, kamar yadda Bafaranshe har gobe yake cewa "enchanté", wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani sarai, ita ma kuma daga tushen rerawa ɗin nan ta fito. A Ingila wannan gaisuwa ta tsufa, wanda ya faɗe ta yau ko dai wasa yake yi ko gatse.

Me ya sa ta riƙe tsohon nauyinta a Najeriya

Turanci ya iso ƙasar nan a bakin 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka, waɗanda suka tarar da mutane da layu a wuya da guraye a ƙugu, suka rasa kalmar da za su kira su da ita sai waccan tsohuwar ma'ana da ta yi sanyi a gida. Da ita suka fassara laya a ƙamus, ciki har da babban ƙamusun Bargery na 1934, da ita kuma suka rubuta doka. Sashe na 213 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a kudancin Najeriya yana magana kan "criminal charms", wato asirin da ake cewa yana kare ɓarayi da 'yan fashi ko yana taimaka musu, kundin Final Kod na arewa shi ma yana da irin wannan tanadi. Ke nan ɗan sandan da ya lissafa "charms" cikin kayan da aka kama ba kwaɓa Turanci ya yi ba, harshen doka ya yi amfani da shi.

Ga kuma babban dalili: a nan abin yana raye. Layar zana da baduhu da sagau da kurciya da maganin ƙarfe da mallaka sunaye ne da yaro ya sani, ko ya yarda da su ko malaminsa ya hana shi. Kalmar da ke da aikin yi kullum a kotu da kasuwa da fim ba ta samun sararin yin laushi.

A kan wannan ne ake samun saɓani. Wasu malaman Turanci suna ganin Turancin Landan shi ne ma'auni, don haka ɗalibin da ya ji "charmed" ya tuna boka ya yi kuskure, a gyara masa kawai. Wasu kuma suna cewa Turancin Najeriya ya zama reshe mai cin gashin kansa, suna kafa hujja da cewa ƙamusun Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Najeriya 29 a watan Janairun 2020, ciki har da Kannywood da okada. A ganina hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi, har ma ba ta buƙatar wannan misali, domin ma'anar asiri ba ta taɓa fita daga ƙamusun Ingila ba, kuma ita ce babba a shekaru. Amma ɓangaren farko suna da gaskiya a wuri ɗaya mai muhimmanci: wanda ya san ma'ana ɗaya tak zai yi ta karanta zargi a inda aka rubuta yabo, kamar yadda ya faru da yaron gidanmu.

Yadda ake gane wadda ake nufi

Ginin jimla yakan taimaka. Idan aka ce "charmed by" sannan aka ambaci mutum ko murmushi ko gari, kusan kullum burgewa ake nufi, kuma burgewa ce mai taushi, irin wadda yaro mai wayo ko tsoho mai barkwanci yake yi wa mutum, ba irin ta jarumi ko attajiri ba. Idan aka ce "a charm", ko aka yi jam'inta a matsayin abin da ake ƙirgawa, aka same ta a aljihu ko a wuya, to abu ne: ko laya, ko ɗan abin da Bature ke riƙewa don neman sa'a, ko kuma 'yan ƙananan kayan ado da mata ke ratayawa a jikin munduwa, waɗanda ba su da wata alaƙa da tsafi sai suna. Idan aka ce mutum "has charm", hali ne ake yabo. Idan kuma aka ce "her charms", tsohon salo ne na ambaton kyan mace da surarta, wanda bai dace a rubuta wa abokiyar aiki ko malama ba.

Inda ginin jimla ba ya ceto shi ne a magana irin "He used charm to get the job". A bakin mutumin Ingila, ma'anarta ita ce ya samu aikin da fara'a da iya magana, wataƙila ba da cancanta ba. A bakin mutumin Legas ko Kaduna, ma'anarta ita ce ya shiga malamai ko ya je wurin boka. Haruffa ɗaya, tsari ɗaya, amma ɗaya ɗan tsegumi ne, ɗayar kuwa zargi ce da ke iya raba zumunci. A nan babu makawa sai an san wanda ya yi maganar da inda ya koyi Turancinsa.

Sai kuma murya. Idan aka rufe wa Ba'ingile ƙofa a fuska ya ce "Charming!", ba yabo ya yi ba, daidai yake da Bahaushen da aka taka wa ƙafa ya ce "Ka kyauta!" Haka nan idan aka kira namiji "a charmer", yabon yana tafe da gargaɗi a ƙarƙashinsa, kamar a ce wane akwai daɗin baki. Masu neman hayar gida a Ingila ma sun daɗe da gane cewa idan dillali ya kira gida "charming", sau da yawa ƙarami ne kuma tsoho.

Ita kuwa "charm offensive", wadda ta fara bayyana a jaridu a shekarun 1950 lokacin yaƙin cacar baka, haɗi ne na kalmar fara'a da kalmar farmakin soja, ana nufin shiryayyen yunƙurin sayen zukata da murmushi da ziyara da kyaututtuka don cimma wata manufa. An yi ta faɗin ta a kan Mikhail Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyet, a shekarun 1980, aka kuma faɗe ta a kan Koriya ta Arewa lokacin da Kim Yo-jong, ƙanwar shugaban ƙasar, ta halarci wasannin Olamfik na hunturu a Koriya ta Kudu a 2018. Ɗan jaridar da ya zaɓi wannan lafazi yana sanar da mai karatu a fakaice cewa fara'ar ba ta Allah da Annabi ba ce. Zawarci shi ne mafi kusa da ita a Hausar siyasa.

Wace kalmar Hausa ta dace

Nan ne aikin yake da daɗi, domin inda Turanci ya tara abubuwa cikin kalma ɗaya, Hausa ta rarraba su. Ga jaririya mai waƙa, "ta shiga ran kowa" ya fi "ta burge kowa" dacewa, saboda burgewa tana iya zama ta ƙarfi ko ta dukiya, shiga rai kuwa sai da ƙauna. Ga gari ko lambu, "ya ƙayatar da ni" ko "ya kwanta mini a rai". Ga saurayi da budurwa, "ta sace masa zuciya". Ga halin da mutum ke da shi, "farin jini" ne ya fi kusa, ko da yake ba daidai suke ba: farin jini sakamako ne, wato jama'a na son mutum, ita kuwa kalmar Turancin ta fi karkata ga abin da mutum yake yi da fuska da harshe har a so shi, wanda ya haɗa fara'a da iya zama da mutane da sanin abin da za a faɗa. Kuskuren da na fi gani wurin masu fassara shi ne sa "kwarjini". Kwarjini yana sa a sunkuyar da kai, ita kuwa wannan tana sa a matso kusa. Kwarjini ya fi dacewa da "charisma", kalmar da ta yi kama da ita a ido amma daga Girkanci ta fito, daga tushe mai nufin baiwa, babu dangantaka tsakaninsu.

Kada kuma a ɗauka Turawa kaɗai ne suka ari harshen sihiri don yabo. Marubutan littattafan soyayya na Kano suna cika shafi da sihirtaccen murmushi da sihirtaccen kallo, babu mai karatun da ke zaton jarumar ta je wurin boka. Farin jinin ma da kansa yana tsaye a tsakiya, tunda baiwa ce da ake haifar mutum da ita, kuma abu ne da ake neman maganinsa. Sama da duka akwai hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Umar, cewa wasu mutum biyu sun zo daga gabas suka yi jawabi, jama'a suka yi mamakin fasaharsu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce lalle daga cikin bayani akwai sihiri. Malamai sun yi saɓani ko yabo ne ko gargaɗi, wasu suka ce ya ɗauki duka biyun gwargwadon abin da aka yi da fasahar. Da na tuna wa gwaggo wannan hadisi ne hankalinta ya kwanta fiye da duk bayanin Latin da na yi mata.

'Yan'uwanta da suka bi hanya ɗaya

Da yawa daga cikin kalmomin Turanci na ɗaukar hankali haka tarihinsu yake. "Enchanted" daga rera surkulle a kan mutum ta fito, kuma ta fi "charmed" ƙarfi da kusanci da duniyar tatsuniya. "Fascinated", wadda ɗalibi ke rubutawa a takardar neman gurbin karatu don ya nuna sha'awarsa ga kimiyya, asalinta a Latin jifa ne da mugun ido, ɗan'uwan kambun baka. "Mesmerised" sunan mutum ne, Franz Mesmer, likita Bajamushe da ya rasu a 1815, wanda ya yi iƙirarin warkarwa da wani ɓoyayyen ƙarfi a jiki, har Sarkin Faransa ya naɗa kwamiti a 1784 da ya haɗa da masanin kimiyya Ba'amurke Benjamin Franklin, kwamitin ya ce bai ga wannan ƙarfi ba sai aikin tunanin marasa lafiya. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce "glamour", da ake liƙa wa taurarin fim: lafazin mutanen Sikotilan ne na kalmar "grammar", wato nahawu, daga zamanin da talaka ke ganin duk mai karanta manyan littattafai yana da wani sirri. Wanda ya tashi inda ake shan rubutu ana zana hatimi ba zai sha wahalar gane wannan tunani ba.

Inda abin ya shafi mutane kai tsaye

Tafinta a kotu shi ne ya fi kowa ɗaukar nauyi, domin idan shaida ya ce "she charmed him", bambancin "ta ja hankalinsa" da "ta mallake shi" yana iya sauya yadda alƙali da dangi za su kalli mace. Mai fassara labarai a gidan rediyo yana bi masa, sai ɗalibin da ke amsa tambayoyin fahimtar rubutu a jarrabawar WAEC, inda nassin zai iya fitowa daga marubucin Ingila ko na Najeriya. Mai karɓar takardar shaida daga Bature shi ma yana da abin lura: idan an kira shi "charming" tare da yabon ƙwazonsa, alheri ne, amma idan ita kaɗai aka samu a faɗa a takardar neman aikin bincike, mai karantawa a can zai fahimci cewa an rasa abin yabo a aikinsa ne.

Akwai kuma 'yan mata da zawarawa da saƙonni ke shigo wa daga baƙi a Facebook da Instagram, cike da "I am charmed by your beauty". Ba asiri ake nufi ba, amma lafazin ya yi tsufa a bakin matashin Ingila ko Amurka na yau, ya fi kama da abin da aka kwafo aka tura wa mutum ɗari. Likitocin ƙwaƙwalwa ma sun daɗe da sanya "superficial charm", wato fara'ar da ba ta wuce fatar baki ba, cikin alamomin mutumin da ba ya jin tausayi kuma ya ƙware a yaudara. Likita Ba'amurke Hervey Cleckley ya sa ta a sahun farko na jerin alamomin da aikinsa, wanda ya fara fitowa a 1941, ya shahara da su.

Kalmar ta kai har cikin kimiyyar fiziks. A 1964 James Bjorken da Sheldon Glashow suka yi hasashen cewa akwai wani ƙwayar zarra na huɗu cikin dangin da ake kira kwak, wato ƙananan ƙwayoyin da ke can cikin zarra, suka raɗa masa suna "charm" saboda yadda daidaiton da ya kawo wa lissafinsu ya shiga ransu. An tabbatar da samuwarsa a watan Nuwamban 1974, a ɗakunan bincike biyu na Amurka, kuma ƙwayoyin da ke ɗauke da shi har yau "charmed" ake kiran su a littattafan jami'a.